Jawabin Maraba ga Shugabar Tawagar Jami'an Ƙwallon Ƙafar Mata ta Ikwatoriyal Gini a Ziyararta Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma babbar baƙuwarmu, shugabar tawagar jami'an ƙwallon ƙafar mata daga Jamhuriyar Ikwatoriyal Gini, tare da 'yan rakiyarki, iyayenmu dattawan gari, shugabannin makarantu da malaman wasanni, alƙalan wasa, iyayen yara maza da mata, 'yan jarida, da ku 'ya'yanmu masu taka leda, barkanmu da wannan rana.

A madadin masu horarwa da sakatarorin ƙungiyoyin 'yan mata na wannan jiha, muna yi miki lale marhabin. Ranki ya daɗe, sannu da hanya, sannu da ɗawainiya. Ƙasarku maƙwabciya ce ta kusa, domin tazarar da ke tsakanin Malabo da Kalaba ba ta kai ta Kano zuwa Kaduna ba, kuma akwai 'yan uwanmu Hausawa da suka daɗe suna kasuwanci a Malabo da Bata kuna zaune da su lafiya. To amma mu masu harkar ƙwallon mata, a fili muka fi saninku, kuma mun ji a jikinmu.

Mutanen ƙasarku ba su wuce miliyan 2 ba. Birnin Kano kaɗai ya fi haka. Tawagarku ta mata ta fara buga wasan ƙasa da ƙasa ne a shekarar 2000, lokacin da tawagar matan Najeriya, Super Falcons, ta riga ta je Gasar Kofin Duniya sau uku. A nan Najeriya kuka fara halartar gasar mata ta Afirka, a 2006 a jihar Delta, kuka koma gida daga matakin rukuni. Babu wanda ya sa ku a lissafi a lokacin.

Shekara biyu bayan haka, a Nuwamban 2008, kuka karɓi baƙuncin gasar. Kuka doke Kamaru 1-0, Kongo 5-2, Mali 2-1, sai kuka haɗu da Najeriya a wasan kusa da na ƙarshe. Falcons ta zo ne da kofi biyar a jere, daga 1998 zuwa 2006, kuma ba a taɓa kammala gasar nan kofin yana hannun wata ƙasa ba. Bayan hutun rabin lokaci kyaftin ɗinku Genoveva Añonman, yarinya mai shekara 19, ta buga bugun tazara ya shiga raga, aka tashi 1-0. A wasan ƙarshe a Malabo kuka ci Afirka ta Kudu 2-1, ita ce kuma ta zura ƙwallon da ta raba gardama. Sai a 2022 aka samu ƙasa ta uku da ta ɗaga wannan kofi, wato Afirka ta Kudu. Shekara 14 ana lissafin zakarun matan Afirka da sunaye biyu kacal, namu da naku.

A 2010, a Afirka ta Kudu, kuka fitar da mai masaukin baƙi 3-1 bayan ƙarin lokaci, Falcons kuma ta rama a wasan ƙarshe da ci 4-2. Matsayi na biyun nan shi ya kai ku Gasar Kofin Duniya ta 2011 a Jamus, aka haɗa ku rukuni ɗaya da Norway da Ostareliya da Brazil. Ba ku samu maki ba, amma duk wanda ya kalli wasannin ya san ba yawon buɗe ido kuka je ba. Norway, wadda ta taɓa cin kofin duniya a 1995, sai a minti na 84 ta samu ƙwallo ɗayan da ta ci ku da ita a Augsburg. A Bochum Ostareliya ta ci 3-2, kuma ƙwallayenku biyu duk Añonman ce ta ci su, duk biyun kuma ta hanya ɗaya: ta matsa wa 'yar baya lamba har ta ƙwace ƙwallo a ƙafarta, ta nufi mai tsaron raga ita kaɗai. Masu horarwarmu har yau suna nuna wa 'yan gaba wannan bidiyo, don su ga cewa tsaron gida daga gaba yake farawa. A wasan nan ne kuma aka yi abin da alƙalan wasa ba sa mantawa. Ƙwallo ta daki turke ta dawo, 'yar bayanku Bruna ta cafe ta da hannu biyu a cikin da'irar mai tsaron raga, ta riƙe na ɗan lokaci sannan ta sake, alƙaliyar wasa kuma ba ta gani ba, ba a ba da fenareti ba. Brazil ta rufe muku gasar da ci 3-0 a Frankfurt, shi ma an je hutu babu ci.

Gasar Afirka ta 2012 ita ce ƙololuwa. Kun sake karɓar baƙunci, ƙarƙashin koci Esteban Becker ɗan Ajantina: Afirka ta Kudu 1-0, Dimokuraɗiyyar Kongo 6-0, Senegal 5-0, Kamaru 2-0, sai Afirka ta Kudu kuma a wasan ƙarshe 4-0 ranar 11 ga Nuwamba a Malabo. Wasa biyar, ƙwallo 18, ba a taɓa ragarku ba ko sau ɗaya. A shekarar nan Añonman ta fi kowa cin ƙwallo a gasar lig ta matan Jamus da ƙwallo 22 a Turbine Potsdam, hukumar ƙwallon ƙafar Afirka, CAF, kuma ta zaɓe ta gwarzuwar 'yar wasan Afirka. A 2015 kuma kuka hana Falcons zuwa Olamfik na Rio, kunnen doki 1-1 a Abuja, 2-1 a Bata.

Ranki ya daɗe, akwai wata magana da ya kamata a ji daga bakin 'yan Najeriya. Bayan wasan ƙarshe na 2010, hukumar ƙwallon ƙasarmu ta kai ƙorafi CAF tana zargin cewa wasu 'yan wasanku ba mata ba ne, kuma sunan Añonman ya shiga bakin duniya. Ba a tabbatar da wannan zargi a kanta ba, ta kuma buga Gasar Kofin Duniya a shekara mai bi. Daga baya, a 2015, ta shaida wa BBC cewa tun a 2008 an tilasta mata tuɓe kayanta a gaban jami'ai don ta nuna ita mace ce. Wannan cin mutunci ne, kuma mu a nan mun san illarsa fiye da kowa, domin uba ɗaya ya ji irin wannan labari ya isa ya hana 'yan matan unguwa guda zuwa fili. Ƙa'idarmu ita ce duk wani binciken lafiya da za a yi wa yarinya, likita mace ce za ta yi shi, a keɓe, da sanin iyayenta, sakamakon kuma ba na 'yan jarida ba ne.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi ɗaci, kuma muna faɗarsa ne da girmamawa, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Babu wata ƙasa da ta karya tawagarku a fili a waɗancan shekaru. Takardu ne suka karya ta.

A ƙa'idar FIFA da ke aiki a lokacin, fasfo kaɗai ba ya ba wa wadda ta karɓi sabuwar ƙasa damar buga mata wasa. Sai ta cika ɗaya daga cikin sharuɗɗa huɗu: an haife ta a ƙasar, ko an haifi uwarta ko ubanta a can, ko kakarta ko kakanta, ko kuma ta zauna a ƙasar shekara biyar a jere bayan ta cika 18. Wadda kuma ta taɓa buga wa wata ƙasa wasan gasa, ko da a matakin matasa ne, dole hukumarta ta nemi izinin sauya ƙasa a rubuce, ta jira amsar FIFA kafin a sa ta a fili. Nan aka yi tuntuɓe na farko. Jade Boho jininku ce ta wajen uwa, amma a Sifaniya aka haife ta, ta kuma ci kofin Turai na 'yan ƙasa da shekara 19 da Sifaniya a 2004. Ba a kammala neman izinin ba aka sa ta a wasa. Sakamakon haka aka dakatar da ita ana gab da wasanku na farko a Gasar Kofin Duniya, aka kuma cire ku daga neman gurbin Olamfik na 2012 bayan kun riga kun fitar da Kamaru. Kamarun da aka dawo da ita, ita ce ta fitar da Najeriya ta tafi Landan. Wasiƙa ɗaya ce da ba a aika a kan lokaci ba.

Na biyu ya fi muni. A 2016 FIFA ta gano cewa wata 'yar wasa haifaffiyar Brazil, Camila, tana da fasfo biyu masu ranar haihuwa daban-daban. Aka hana ku neman gurbin Olamfik na 2020, CAF kuma ta ƙwace gurbin da kuka samu a gasar Afirka ta 2016 ta ba Mali. A Oktoban 2017 FIFA ta yanke hukuncin cewa an yi amfani da 'yan wasa 10 da ba su cancanta ba a wasannin neman gurbin Rio, ta haramta muku Gasar Kofin Duniya ta 2019, da tarar faran 100,000 na Suwizalan. A 2018 kuma Kenya ta kai ƙara a kan 'yar wasa guda, aka cire ku daga gasar Afirka, kuka ɗaukaka ƙara, aka dawo da ku saura kwanaki kaɗan a fara gasar a Ghana. Tawagar da ta isa Cape Coast ba ta samu shiri ba, an kuma rasa waɗanda aka saba dogara da su: Zambiya ta ci 5-0, Afirka ta Kudu 7-1, Najeriya 6-0. Ƙwallo 18 kuka zura a 2012, ƙwallo 18 aka zura muku a 2018, kuma 'yan matan da suka sha wannan kaye ba su ne suka cike takardun ba. Gasar Afirka ta 2022 ma Tunisiya ta hana ku zuwa.

A ganinmu asarar da ta fi hukuncin girma ita ce ta 'yan matan gida. Duk rigar da aka ba wadda aka ɗauko daga waje don gasa ɗaya, an hana wata yarinya daga Bata ko Ebebiyín wasannin da za su gina ta, sai ranar da aka rasa na wajen aka tarar babu masu maye gurbi. Añonman kuwa, wadda ta fi kowa ɗaukaka sunanku, 'yar gida ce, haifaffiyar garinku na Cogo.

Ba daga nesa muke hango wannan matsala ba. Yarinya za ta zo da takardar haihuwa mai shekara ɗaya, rajistar makaranta mai wata shekarar, lambar NIN kuma da suna a wata rubutawar, A'isha a nan, Aishatu a can. Gwajin MRI, wato hoton ƙashin wuyan hannu da ake yi wa samari 'yan ƙasa da 17 don tantance shekarunsu, ba ya warware matsalar ga mata, domin ƙashin mace yana riga na namiji haɗewa, sai a ɗauki 'yar shekara 15 a matsayin babba. Saboda haka takarda ce kaɗai shaida. Abin da muke koya wa sakatarorinmu shi ne a buɗe wa kowace yarinya fayil tun ranar da ta fara zuwa atisaye, a sa takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da shafin rajistar firamare, da lambar NIN, da takardar amincewar uba ko waliyyi mai sa hannu da lambar waya, da hoto. A jera su a tebur a duba abu uku: rubutun suna, ranar haihuwa, sunan iyaye. In an ga saɓani, a gyara shi a ofishin da ya bayar da takardar kafin a nemi fasfo, domin da zarar ranar haihuwa ta shiga rajistar gasa, duk wata ranar da ta bayyana daga baya laifi ce. Takardar rantsuwar shekaru da aka yi a kotu mako guda kafin gasa, ba ma karɓarta ita kaɗai. Kuma wanda ya horar da yarinya ba shi ne zai tantance takardunta ba, saboda koci yana son cin wasan Asabar, shi kuwa sakatare aikinsa ya hango ƙarar da za a kai bayan shekara uku.

Mun kuma ga alamun farfaɗowa a wajenku. A 2021, a gasar zakarun ƙungiyoyin matan Afirka ta farko a Alƙahira, ƙungiyarku Malabo Kings ta kai wasan kusa da na ƙarshe, sai a bugun fenareti Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu ta fitar da ita, alhali Rivers Angels tamu ba ta fita daga rukuni ba.

Ranki ya daɗe, roƙonmu uku ne. Na farko, a shirya wasan sada zumunta na 'yan ƙasa da shekara 17 tsakanin 'yan matanku da namu, gida da waje, kowane ɓangare ya aika wa ɗaya fayilolin 'yan wasansa wata guda kafin ranar, kowace tawaga kuma da malama mace da ma'aikaciyar jinya. Na biyu, sakatarorinku da suka ga yadda ake amsa tambayoyin FIFA da CAF su zauna da namu na yini guda, su nuna musu irin takardun da aka nema da wa'adin da aka bayar. Na uku, ki isar da gaisuwarmu ga Genoveva Añonman, ki gaya mata muna gayyatarta Kano ta tsaya a gaban yaran nan da iyayensu.

Bayan wannan zama, 'yan matanmu za su buga wasa na minti 30 kowane rabi don girmama ki, muna kuma roƙon ki ɗauki bugun farko. Daga nan sai liyafa. Allah ya sa ki ji daɗin zamanki a Kano, ya mai da ke da 'yan rakiyarki gida lafiya.

Mun gode. Wassalamu alaikum.