Kansila ɗaya, mutum nawa? Yadda ake shata mazaɓun ƙananan hukumomi

Jama'a, ku dubi wannan misalin da kyau. Wannan Babban Birnin Tarayya ne, Abuja, mai ƙananan hukumomi 6 da mazaɓun kansila 62. Ƙaramar hukumar birni, wato AMAC, tana da 12. Abaji, Bwari, Gwagwalada, Kuje da Kwali kowacce tana da 10.

To, ga inda gizo ke saƙa. A ƙidayar 2006, mutanen AMAC sun haura 770,000, na Abaji kuwa ba su kai 60,000 ba. Ku yi lissafin da kanku: kansila guda a AMAC yana ɗauke da jama'ar da ta ninka ta takwaransa na Abaji fiye da sau goma. Wannan ma tun 2006 ke nan, kafin gidaje su cika ko'ina.

Abin ya fi ciwo a cikin ƙaramar hukuma ɗaya. Ɗauki mazaɓar Gwarinpa ko Kabusa a AMAC, inda rukunin gidaje ya mamaye gonakin jiya, ka kwatanta da mazaɓar da har yanzu ƙauyuka ne. Idan aka zauna a zauren majalisa za a raba rijiyar burtsatse ko gyaran asibitin sha-ka-tafi, kowane kansila hannu ɗaya yake ɗagawa. Mai jama'a jingim da mai 'yan tsiraru, ƙuri'arsu ɗaya. Ke nan mutumin unguwa mai cunkoso, muryarsa ta tsinke a hanya.

Dokar zaɓe ba ta yi shiru ba. Ta ce kowace ƙaramar hukuma a Abuja a raba ta mazaɓu, kada su gaza 10, kada su wuce 20, kuma yawan mutanen kowacce ya yi kusa da na 'yar'uwarta gwargwadon iko. Sai dai mazaɓu 8,809 da hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ke aiki da su a ƙananan hukumomi 774 na Najeriya, tushensu shatar 1996 ce, zamanin Janar Sani Abacha. A 2021 hukumar ta ƙara rumfunan zaɓe daga kusan 120,000 zuwa 176,846. Layin masu zaɓe ya ɗan ragu, amma iyakoki suna nan inda suke.

Me ya hana a taɓa? Na farko, babu sabbin alƙaluma. Ƙidayar da aka shirya a 2023 an ɗage ta. Na biyu, kuma shi ne babba a ganina, duk layin da aka ja, wani ya ci, wani ya rasa. Mai riƙe da alƙalami zai iya tsaga unguwar 'yan adawa gida biyu, ko ya cusa su duka a mazaɓa guda, ya yi nasara tun ba a buga takardar ƙuri'a ba.

Ku tambayi mutanen Warri a jihar Delta. A Disamban 2022 Kotun Ƙoli ta umarci INEC ta sake shata mazaɓun Warri ta Arewa, Warri ta Kudu da Warri ta Kudu maso Yamma, inda ƙabilun Itsekiri, Ijaw da Urhobo suka daɗe suna ja-in-ja. Hukumar ta fito da sabon tsarin a Afrilun 2025. Ba a je ko'ina ba Itsekiri suka ce ba su yarda ba, suka fito zanga-zanga.