Tsofaffin Itatuwan Inabi da Ƙananan Manoman da Suka Ƙi Tumɓuke Su

Assalamu alaikum, masu kallonmu, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Zariya. Duk wanda ya saba shiga Kasuwar Sabon Gari cikin rani ya san lokacin da inabin gida yake fara bayyana a teburan masu sayar da kayan marmari, kuma da yawansa daga gonakin Ƙaramar Hukumar Kudan ake kawo shi, wato maƙwabtanmu na arewa. Waɗannan gonaki sababbi ne idan aka auna su da shekarun da itacen inabi yake iya yi a duniya. Shi ya sa a yau za mu duba ƙasashen da suka daɗe da wannan noma, mu ga yadda itacen yake tsufa, da kuma irin manoman da suke riƙe shi har ya kai ga tsufan.

A birnin Maribor na ƙasar Sloveniya akwai itacen inabi da ya haura shekara 400, yana manne da bangon wani gida a bakin kogi, kuma har gobe yana yin 'ya'ya. A fadar Hampton Court da ke Ingila akwai wani da aka dasa a 1768, irin na ci ne, kuma duk shekara ana tsinkar 'ya'yansa a sayar wa baƙi. A kwarin Barosa na Ostareliya kuwa akwai gonar da aka dasa a 1843, wadda ake ci gaba da nomanta.

Kafin mu yi nisa, ya kamata a faɗi magana a fili. Yawancin masu irin waɗannan gonaki a Turai da Ostareliya da Afirka ta Kudu giya suke yi da inabinsu, a ƙananan masana'antu na iyali, ita kuwa giya haramun ce ga Musulmi, kuma ba ita ta tara mu ba. Abin da ya shafe mu shi ne noman, domin itacen da suke reno ɗan'uwan wanda ke gonakin Kudan ne, kuma abin da suka koya game da saiwarsa da askinsa, wato rage masa rassa, yana da amfani ga mai noman inabin ci ko na zabibi.

Dalili biyu ne suka sa tsohon itacen inabi ya yi wuyar samu. Na farko annoba ce. A wajejen 1863 wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai suna filoksera, wanda asalinsa daga Arewacin Amurka yake, ya ɓulla a kudancin Faransa. Ƙwaron yana tsotsar saiwa, raunin da ya bari ya ruɓe, itacen ya yi ta ramewa har ya bushe, kuma kafin ƙarshen wancan ƙarni ya lalata mafi yawan gonakin inabi na Turai. Maganin da aka samu shi ne aure, irin wanda muka sani a jikin mangwaro: ana ɗaura reshen inabin Turai a kan gindin inabin Amurka, wanda saiwarsa take jure wa ƙwaron. Saboda haka aka tumɓuke gonaki aka sake dashe, kuma itatuwan da suka tsira a kan saiwarsu ta asali sun fi yawa a wuraren da ƙwaron bai kai ba, kamar ƙasar Chile da jihar Kudancin Ostareliya, ko inda ƙasar ta cika yashi da tokar dutse mai aman wuta har ya kasa zama, kamar tsibirin Santorini na Girka.

Dalili na biyu kuɗi ne, kuma a ganinmu shi ya fi cin itatuwa a wannan zamani. Idan itacen inabi ya kai shekara 25 zuwa 30, amfaninsa yakan fara raguwa. Babban kamfanin da yake sayar da inabi bisa nauyi ba ya jiran komai, sai ya tumɓuke ya dasa sabo. A shekarun 1980, lokacin da farashi ya faɗi, har gwamnati ta riƙa biyan manoman Kudancin Ostareliya kuɗi don su cire itatuwansu, kuma tsofaffi da yawa sun tafi a haka. Waɗanda suka rage sun rage ne saboda wasu iyalai sun ƙi karɓar kuɗin, wasu ƙananan masu sarrafawa kuma suka yi alkawarin sayen amfaninsu.

To me waɗannan mutane suka gani a jikin itacen da amfaninsa ya ragu? Tsohon itace yana da saiwa mai nisa da faɗi, yana kuma da kututture mai kauri da yake ajiye abinci a ciki, don haka a shekarar fari ba ya saurin galabaita, a shekarar ruwa da yawa kuma ba ya yin toho barkatai. 'Ya'yansa kaɗan ne, sau da yawa ƙanana, kuma manoman suna cewa ɗanɗanonsu ya fi ƙarfi. A nan sai a yi hattara, domin tsufa kaɗai ba ya gyara itacen da aka dasa a wurin da bai dace ba. Galibi itacen da ya yi kyau tun yana ƙarami ne ake bari ya tsufa.

Aikin irin wannan gona na hannu ne, shi ya sa ya faɗa hannun ƙananan manoma. Layukan da aka dasa tun kafin zuwan tarakta matsattsu ne, ba a kan rumfa ko waya suke ba, kowane itace yana tsaye da ƙafarsa. A yankin Itata na Chile har yanzu akwai masu huɗa da doki. A Santorini manomi yakan durƙusa ya naɗe rassan ya saƙa su siffar kwando a ƙasa, 'ya'yan su rataya daga ciki, inda iskar teku da zafin rana ba za su ƙona su ba. Idan saƙar ta tsufa sai a sare ta, saiwar da ke ƙasa ta sake fitar da sabon toho. A gonakin da ƙwaron nan bai shiga ba, idan itace ɗaya ya mutu, akan lanƙwaso dogon reshe daga na kusa da shi a binne tsakiyarsa a gurbin, a bar kan a waje, har ya yi saiwa ya zama itace mai zaman kansa.

Duk wannan wahala ba ta ɗorewa sai an sami mai biya, kuma a nan ne Afirka ta Kudu ta yi abin koyi. Wata masaniyar gonakin inabi mai suna Rosa Kruger ta fara bin ƙauyuka a 2002 tana rubuta tsofaffin gonaki, kuma a 2016 aikin ya zama shirin da ake kira Old Vine Project, wato shirin tsofaffin itatuwan inabi. Gonar da ta kai shekara 35 tana samun tambari mai ɗauke da shekarar da aka dasa ta, mai saye ya san abin da yake biya, manomi kuma ya sami farashin da zai sa barin itacen ya fi tumɓuke shi riba. A Barosa ma tun 2009 suka tsara matakan tsufan itace: shekara 35, da 70, da 100, da 125.

Yanzu mu dawo gida. Yanayinmu dabam yake, kuma babu amfanin ɓoye haka. A ƙasashen sanyi itacen inabi yana zubar da ganye ya huta watanni. A ƙasa mai zafi kuwa ba ya hutawa da kansa, sai manomi ya hutar da shi ta hanyar aski da rage ban ruwa, ga laimar damina mai kawo cututtukan funfuna, ga kuma gara. Saboda haka yakan gaji da wuri, musamman idan aka tilasta masa ɗaukar 'ya'yan da suka fi ƙarfinsa shekara bayan shekara.

Amma babban abin da yake gajarta ran itacen inabi a ko'ina shi ne mummunan aski. Duk inda almakashi ya yanka, itacen yana bushewa zuwa ciki, kuma idan yankan ya yi faɗi ko ya matsu da kututture, bushewar tana toshe hanyar ruwa, funfuna kuma ya shiga ta nan ya ci cikin itacen a hankali, ba a farga ba sai reshe guda ya mutu. Masu tsofaffin gonaki suna yanka ƙananan rassa ne, na shekara ɗaya ko biyu, suna barin ɗan guntu a saman idon toho domin bushewar ta tsaya a jikinsa, ba sa aski ana ruwan sama, kuma suna goge almakashi kafin su wuce daga itace mai ciwo zuwa lafiyayye.

Sai kuma rubutu. Manomin Hunƙuyi, a Ƙaramar Hukumar Kudan, da ya dasa inabi bana yana buƙatar littafin da zai rubuta shekarar dashe, da sunan irin, da inda ya samo shi, da ranar aski da ta girbi. Ya kuma sa alama a jikin itatuwan da suka fi jure wa damina, domin daga gare su ya kamata a yanko rassan dashe. Idan ya ga reshe yana bushewa ba tare da dalili ba, ya yanko shi ya kai wa malaman Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru su duba, tun ciwon bai sauka kututture ba.