Amshi, Hadda da Kwafa: Abin da ke Shiga Aji da Rigar Darasin Harshe

An gabatar da wannan lacca a Damagaram, gaban malaman makarantun firamare da ɗalibai masu koyon aikin malanta. An rubuta ta daga muryar da aka ɗauka, an kuma rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da suka riga ni shiga wannan aiki, abokan aiki maza da mata, da ku ƙannena da kuke shirin karɓar alli daga hannunmu, barkanku da zuwa.

An nemi in yi magana a kan ƙwarewa huɗu da ake son ɗalibi ya samu a darasin harshe, wato saurare da magana da karatu da rubutu. Kowa a nan ya san su tun yana makarantar horon malamai, don haka ba zan tsaya ba su ma'ana ba. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne, uku daga cikinsu kowace tana da mai kama da ita, wadda takan shigo aji ta zauna a mazauninta har malami ya ɗauka ita ce. Amshi yana kama da magana, hadda tana kama da karatu, kwafa kuma tana kama da rubutu, alhali Bahaushe ya riga ya ce kama da wane ba ta wane.

A shekarata ta farko ta aiki an tura ni wani ƙauye inda ajina rumfar kara ce, wadda ba a samu kafa ta ba sai da aka gama girbi. Ina da wata babbar takarda da na rubuta darasin karatu a kai na liƙa ta jikin zana, kullum ina nunawa da tsumagiya yara suna bi da ƙarfi, ni kuwa ina jin daɗi a raina cewa ajina ya iya karatu. Wata safiya ta hunturu iska ta taso ta yi gaba da takardar muna tsakiyar darasi. Kafin in dawo daga bin ta, yaran sun kai ƙarshen shafin, idanunsu a kan zanar da babu komai a jikinta, ba su tsallake ko kalma ɗaya ba. Ranar na gane cewa wata uku na yi ina koyar da waƙa. Kuma abin bai tsaya a rumfata ba: a gwajin PASEC na 2014, wato gwajin auna ilimin ɗaliban firamare wanda aka yi a ƙasashen Afirka 10, yaran Nijar da ke ƙarshen firamare waɗanda suka kai matakin da ake buƙata a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba, bayan shekara 6 suna zuwa lakwal suna amsa wa malami.

Bari mu koma farko. Yaron da aka kawo ajin CI, wato ajin farko na firamare, yana da shekara 6 ko 7 bai zo hannu rabbana ba. Ya iya saurare, ya iya magana, ana aikensa kasuwa ya yi ciniki ya dawo da canji daidai, ya san kacici-kacici, ya san yadda ake gaida babba da yadda ake tsokanar taubashi. Biyu daga cikin huɗun nan ya zo da su daga gida, a harshen gidansu. Tsohon tsari yakan ce masa ya ajiye su a bakin ƙofa tare da takalmansa, kuma manyan da ke cikinmu suna tuna sambol, abin nan da ake rataya wa wanda aka kama yana Hausa a farfajiyar makaranta, ya yi ta neman wanda zai sauke wa kafin a tashi. Yaron da aka yi wa haka abu uku ake nema ya koya a lokaci guda: sabon harshe, da sirrin haruffa, da abin da darasin ke faɗa. Da kayan suka yi masa nauyi sai ya nemi mafita, mafitar kuwa ita ce hadda.

Wannan gari yana da haƙƙin yin magana a kan batun nan, domin a nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko a ƙasar nan mai koyarwa da harshen gida tare da Faransanci, a 1973, da Hausa. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a cikin koyarwa, dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa 10, sannan kundin tsarin tafiyar da ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Sai dai doka ba ta shiga aji ta riƙe alli. Kuma ina tunatar da waɗanda za a tura wajen Gure ko Tanut cewa za su tarar da yaran da Barbarci ko Fulatanci ko Buzanci ko Tubanci suka tashi da shi, waɗanda Hausar ma baƙuwa ce a kunnensu, don haka duk abin da zan faɗa a kan harshen gida, harshen gidan yaron nake nufi.

Saurare shi ne wanda muka fi rainawa, domin mun ɗauka duk yaron da ya yi shiru ya harɗe hannuwa yana saurare ne. Hanya mafi sauƙi ta gwada shi tana hannun kakanninmu. A ce "ga ta nan ga ta nanku", a ɗauko tatsuniyar Gizo, a kai daidai inda dabararsa ta kusa tonuwa sai a tsaya a tambaya: me kuke jin zai yi yanzu, kuma me ya sa? Wanda ya bi labarin zai yi hasashe, wanda hankalinsa ke waje zai tona kansa. Akwai kuma sauraren sauti, wanda shi ne harsashin karatu. Kunnen da bai rarrabe k da ƙ ba, hannunsa ba zai rarrabe kafa da ƙafa ba, kuma wasan nan na karya harshe na ƙato da kwaɗo da ƙoto ya fi dogon bayani aiki a nan. Haka in an zo Faransanci: babu sautin v a Hausa, p da f ba su rarrabe ma'ana a bakinmu, wasalin u na Faransanci kuma baƙo ne gaba ɗaya, shi ya sa yaro ke jin vu da vous abu ɗaya. Dukansa ba zai gyara wannan ba, sai an maimaita masa kalmomin biyu kusa da juna har kunnensa ya buɗe.

Magana kuwa, ina roƙon kowannenku ya yi wa kansa wani hisabi. Ka ɗora wayarka a kan tebur ka ɗauki muryar darasinka ɗaya, ka saurara da dare, ka ga wa ya fi yin magana a ajin, kuma abin da yaran suka faɗa nawa ne nasu na kansu. Yawancinmu za mu tarar da muryarmu ce daga farko har ƙarshe, sai "oui, Monsieur" da ƙarasa ƙarshen jimlar da muka ja musu. Dole kuma mu yi la'akari da tarbiyyar da yaron ya taso a ciki, wadda ta koya masa kada ya tsoma baki gaban manya, kada ya haɗa ido da babba. Tarbiyya ce mai kyau, amma a aji malami ne zai nuna masa cewa nan wurin an ba shi izni, musamman ƴan matan da sukan taru a layin baya su rufe baki da gefen hijabi. Za ku ce mini yara sun haura 80, yaushe kowa zai yi magana? A haɗa su biyu-biyu, kowa ya ba na kusa da shi labarin abin da ya gani a hanyar zuwa makaranta, sannan a ta da mutum uku ko huɗu su faɗi abin da abokinsu ya ce, ba nasu ba. Aji zai yi hayaniya, darakta ma yana iya leƙowa, amma cikin minti 5 kowa ya yi magana kuma kowa ya saurara. Sharaɗi ɗaya ne: kada a katse yaro don gyara masa kuskure yana tsakiyar zance, domin wanda aka kunyata sau biyu ba ya sake ɗaga hannu. A bari ya gama, sai malami ya maimaita jimlar daidai kamar yana tabbatar da abin da ya ji.

Yanzu ga karatu, inda nake son in ɗan daɗe. Makarantar allo, wadda yawancin yaranmu ke zuwa safe ko yamma, ta san wani abu da muka yi sakaci da shi. Ba ta barin yaro ya shiga zube sai ya bi ta babbaƙu ya san kowane harafi da sunansa, alu, ambaki, wau, zal, sannan ya bi ta farfaru ya san yadda wasali ke motsa harafin. Mataki ne bayan mataki, kuma kowane almajiri da allonsa yake zuwa gaban malam shi kaɗai a ji shi. Rubutun Hausa na boko ya dace da irin wannan tafiya ƙwarai, domin kusan kowane harafi sautinsa ɗaya ne a ko'ina: wanda ya san b da k da wasula biyar zai haɗa ba da ki da kansa ya ce baki, kuma farin cikin da ke bayyana a fuskarsa a lokacin ba ya ɓoyuwa, domin kalmar da ya sani ce ta fito daga cikin alli. Ku kwatanta da Faransanci, inda sautin o kaɗai ake rubuta shi o, ko au, ko eau, ga haruffan ƙarshen kalma da ba a furtawa. Sirrin cewa harafi sauti ne sau ɗaya mutum ke gano shi a rayuwarsa, kuma ya fi sauƙin ganowa a harshen da yake ji. In ya gano, zai ɗauke shi ya shiga da shi Faransanci, abin da ya rage masa shi ne koyon ƙa'idojin sabon rubutun da kalmominsa.

Amma haɗa gaɓoɓi rabin aikin ne, kuma Hausa da kanta tana tilasta mana sanin haka, tunda rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. In na rubuta gari, birni nake nufi ko na tuwo? In na rubuta fari, launi ne ko rashin ruwan sama? Baƙi, na tawada ne ko waɗanda suka sauka a gidanka? Mai karatu ba zai furta kalmar daidai ba sai ya fahimci jimlar da take ciki, don haka kuskuren furuci yakan nuna wa malami daidai inda fahimta ta tsaya. Shi ya sa nake cewa a rage karatun taro. A kira yaro ɗaya, a ba shi layi uku da bai taɓa gani ba, a saurare shi na minti ɗaya, a rufe takardar a tambaye shi me ya faru. In ana jin mutum biyar kowace rana, kafin wata ya ƙare malami ya san wa ke karatu, wa ke laɓewa cikin muryar jama'a. Na san littattafai ba su isa ba, wani wurin yara da yawa ke rububin ɗaya. Ga dabarar da ta fisshe ni: yara su ba da labari da baki, ni in rubuta a babban allo da kalmominsu, shi ne abin karatunmu na ranar, gobe kuma a sake wani don kada ya zama hadda.

Rubutu ne na ƙarshe, kuma nan ne kwafa ta fi yi mana ɓarna, domin kaye mai tsabta da kyakkyawan hannu yana faranta ran uba da sufeto baki ɗaya. Kwafa tana horar da yatsu, dikte, wato malami ya faɗa yara su rubuta, yana horar da kunne da ƙa'ida, dukansu suna da gurbinsu. Sai dai rubutu yana farawa ne ranar da yaro ya sa a takarda abin da babu shi a allo, ko da jimla biyu ce a kan akuyar gidansu. Daga nan a ba shi wanda zai rubuta wa da dalilin rubutawa: saƙo ga wansa da ya tafi ci-rani, jerin abin da za a sayo a kasuwar Dole, bayanin yadda ake wasan langa ga wanda bai taɓa gani ba.

Ƙa'idar rubutun kuwa ba yau aka fara aikinta ba. Tun taron Bamako na 1966 ake ƙoƙarin daidaita haruffan harsunan yankin nan, kuma a 1999 hukuma ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa da muke bi a Nijar, inda muke rubuta ƴ a wurin da maƙwabtanmu na Najeriya ke sa y da ɗigon waƙafi a gabanta. Abu biyu ne suka fi kayar da yara, har da mu malamai: lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ, wadda rashinta ke mai da ɗoki ya zama doki, da kuma raba kalmomi, kamar bambancin akan da a kan. In yaro ya rubuta tahi a maimakon tafi, kada a ce masa bai iya Hausa ba, domin abin da kunnensa ya ji a gida ya rubuta, wanda ke nuna darasin sauti ya shige shi. A gaya masa haka muke faɗa, ga kuma yadda aka amince a rubuta don na Tawa da na Kano su karanta ba wahala. Wajen gyara kuma kada a cika shafi da jan biro. A zaɓi kuskure iri ɗaya a mako, a ce wannan makon lanƙwasa kawai muke farauta, yara su yi musayar kaye su nemo wa juna, malami kuma ya ɗauki goma ya tafi da su gida, gobe ya ɗauki wasu goma.