Shekara guda ƙarƙashin shuɗiyar hula

Laccar da wani tsohon hafsan soja ya gabatar a Tawa gaban matasa da iyalan sojoji, an rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum. Iyayena, malamaina, ƙannena matasa, sannunku da zuwa.

In aka ce an tura wane aikin wanzar da zaman lafiya a ƙasar waje, magana biyu ake yi a unguwa: ya tafi yaƙi, ko ya tafi ɗibar kuɗi. Bari in fara da kuɗin, don na ga wasu sun gyara zama. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar da dala 1,428 a wata kan kowane soja. To amma gwamnatin da ta ba da sojan ake biya, ita ke yanke abin da zai shiga hannunsa. Ɗan abin da Majalisar ke ba shi kai tsaye a rana bai kai dala 2 ba. Saboda haka Hajiya, kada ki ci bashin biki da sunan ɗanki yana waje.

Yanzu aikin. Ana sallar asuba, a jeru, a kira suna, a raba aiki. Mafi yawansa gadi ne: ka hau hasumiyar da aka kewaye da buhunan yashi, da rigar sulke da hular kwano, ka zuba wa fili ido. Wanda ya yi Gawo, a arewacin Mali, a watan Afrilu ko Mayu ya san abin da nake faɗi, ƙarfen bindiga ma ba ya taɓuwa. Ba abin da ke faruwa yau, ba abin da ke faruwa gobe, kuma wannan shirun shi ke cin soja, don ran da ido ya gaji ran nan ake zuwa.

Rakiya ta fi gadi nauyi. Abinci da ruwa da mai duk a mota suke tafiya, sai an raka ayarin. Tafiyar da ɗan kasuwa zai yi a wuni, ayari sai ya kwana bisa hanya, don masu neman nakiya suna gaba, ana tsayawa ana dubawa. Idonka na kan ƙasar da aka tona ba da daɗewa ba, da ƙauyen da jiya yara suka fito suna ɗaga hannu, yau ko akuya babu. Ranar 3 ga Oktoban 2014 aka yi wa ayari kwanton ɓauna tsakanin Ansongo da Menaka a Mali, sojojinmu na Nijar 9 suka rasu. Kafin nan, 8 ga Yunin 2012, mun rasa 7 kusa da Tayi, yammacin Kodebuwa, dab da iyakar Laberiya. Rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a Mali, wato MINUSMA, daga 2013 zuwa ƙarshen 2023, ta rasa mutum fiye da 300. Allah ya jiƙansu.

Abin da ya fi ba matashin soja wuya kuwa, riƙe hannu ne. A bariki an koya maka harbi. A can sai a ce maka ba ka ɗaukar ɓangare, da yardar masu ƙasa kake zaune, kuma ba ka harbi sai don kare kanka ko kare aikin da aka ɗora maka, wanda ya haɗa da kare farar hula. Samari za su taru bakin ƙofar sansani suna jifa suna zagi, kana da harsashi cike, ka tsaya. Ko ɗaya ka harba sai an rubuta rahoto. A ganina nan ake gane soja. Haka batun mata: hulɗa da ƴaƴan mutane don ka ba su kuɗi ko abinci, koro ne zuwa gida da kunya, kuma sunan ƙasa kake ɓatawa.

Mu ƴan Nijar muna da wata sa'a. Zabarmanci na tafiya a Gawo, Buzanci na tafiya a Menaka, a kasuwannin Kodebuwa kuwa ba sai na gaya wa Adarawa ba, ƴan ci-raninmu sun riga mu isa. Ana gaya maka abin da ba a gaya wa mai tafinta. Sai dai wanda ya ji harshensa a bakinka yakan ɗauka kai nasa ne, ya zo da buƙatar da ba ka da ikon biya.

Ku kuma na gida, yanzu akwai WhatsApp, alhamdu lillahi. Amma kada ku tambaye shi yaushe za su fita, ta wace hanya, kuma hoton sansani ba na Facebook ba ne. Galibi bayan wata 12 ake sauya bataliya. In ya dawo kuka ga ba ya barci, ƙarar ƙofa na firgita shi, faɗa ya yi masa yawa, kada ku tsaya ga rubutu da hayaƙi kaɗai. Ku haɗa da likitan soja, kuma matarsa ta raka shi, don ita ta san abin da dare ke ciki.