Amsoshin Tambayoyinku: Zaman Baƙunci da Fita da Iyali a Kumasi

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Ga mu a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan Kumasi ta ƙasar Ghana. Wasiƙu da saƙonnin waya sun taru a gabana, lokacin kuma kaɗan ne, wanda ya ji na taƙaita tasa ya yi mini haƙuri. Tare da ni akwai Hajiyarmu, tsohuwar shugabar makaranta, haifaffiyar Zango, wadda ta aurar da 'ya'ya har ta ga jikoki. Hajiya, sannu da zuwa.

Hajiya: Yawwa ɗana, sannunmu dai. Allah ya ba mu sa'a.

Mai gabatarwa: Amin. Ta farko daga wani ɗan'uwa ne mai sayar da kayan waya a Adum, mutumin Sakkwato. Ya ce ya ɗauko iyalinsa wata biyu ke nan, yana tambaya ko katin shaidarsu na gida ya wadatar. To malam, ɗan ƙasashen ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, yana da kwana 90 ya zauna ba biza. In zama zai zarce haka, sai a nemi izinin zama a ofishin shige da fice, a kuma yi katin shaida na baƙi da hukumar katin shaida ta Ghana, wato NIA, ke bayarwa. Kwana 90 na ce. Saura maka wata guda, kada ka yi sanya.

Ta biyu daga wani ɗan'uwa ne mai neman gidan haya a Tafo Zango. Mai gida ya ce masa sai ya biya hayar shekara biyu a dunƙule kafin ya ba shi makulli. Dokar haya ta 1963 ba ta yarda a karɓi fiye da na wata shida gaba ɗaya ba, ko da yake kowa ya san abin da ake yi a gari daban ne. Akwai ofishin kula da harkar haya da ake kai ƙara. Ko nawa ka biya dai, ka karɓi rasit, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu.

Wata amarya kuma daga Asawase tana tambayar inda za ta samu kuka da daddawa, wai har ta aika Kano a kawo mata. Haba amarya! Ki shiga babbar kasuwar Kejetia ko kasuwar Aboabo, ga kuka, ga daddawa, ga busasshiyar kuɓewa. Mutanen arewacin Ghana ma tuwo suke ci. Ki bar wahal da 'yan mota.

Yanzu ga wasiƙar da nake so mu zauna a kanta, domin irinta sun fi yawa a kan teburin nan. Wata 'yar'uwa ce daga Sawaba. Ta ce: "An kawo ni daga Kano bayan aure, yanzu 'ya'yana uku. Maigidana mutumin kirki ne, bai rage mu da ci da sha ba. Amma yana fita bayan asuba, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Ranar Lahadi da ba kasuwa, yana majalisa. Ɗaki ɗaya da baranda muke, ban san ko'ina a garin nan ba sai asibiti da gidan suna. Yara suna tambayata ina ne gidan namun dajin da 'yan ajinsu ke faɗi, ba ni da amsa. In na yi magana sai ya ce babu kuɗin yawo, kuma nema ya kawo mu, ba shaƙatawa ba. Ina da laifi in na ce a fita da mu?"

'Yar'uwa, ba ki da laifi. Na sake faɗi don masu irin wannan wasiƙa su ji: ba ku da laifi. Hajiya, me za ki ce mata?

Hajiya: To ɗana, ai wannan zaman ba yau aka fara shi ba. Kakanninmu fataucin goro ya kawo su. Daga Kano da Katsina suke tasowa da jakuna, su yi watanni a hanya kafin su iso Gwanja, kasuwar Salaga. Da yaƙi ya watsa Salaga a 1892, mutane suka bazu, wasu suka gangaro nan Kumasi. Kakata takan ce a zamaninsu baƙo ba ya sauka sai a hannun maigida, shi zai ba shi masauki, shi zai nemo masa mai sayen kayansa. Matar maigida kuwa ita ke riƙe matar baƙo. Ita za ta kai ta kasuwa, ta nuna mata mai nama, ta ja ta gidan biki. Ko mu da muka taso, in aka kawo amarya daga Najeriya, kafin sati ya zagayo duk matan layi sun shigo da ƙwaryar koko da ƙosai. Yanzu kowa ya shige ɗaki da waya a hannu. Ni abin da ke damuna ke nan, wayar nan. Yarinya tana zaune a Sawaba amma hankalinta yana Fagge, tana hira da yayarta tun safe har azahar, maƙwabciyarta ta ƙofa da ƙofa ba ta san sunanta ba...

Mai gabatarwa: Gaskiya ne Hajiya, amma ita kan maigidan take magana.

Hajiya: Zan zo kansa. Ita dai ta fara fitowa tsakar gida. Zumunci a ƙafa yake. In matar mai gidan hayarsu 'yar Ashanti ce, ita 'yar'uwar tamu ta koyi gaisuwar safe da godiya da Twi, yaren Ashanti, za ta ga yadda fuska ke sakewa. Ta shiga makarantar matan aure ta unguwa, ta shiga adashi. Shi kuma maigida, Allah ya shirye shi.

Mai gabatarwa: Amin. Hajiya ta tausaya masa, ni bari in yi magana da shi, da sauran 'yan'uwana magidanta. Malam, kai ka ɗauko 'yar mutane daga gaban uwarta da ƙannenta, ka tsallaka da ita iyaka uku, Benin, Togo, Ghana. A gida in ranta ya ɓaci tana da gidan gwaggo, tana da gidan ƙawa. A nan kai ne gwaggon, kai ne ƙawar. Kai kana ganin mutane ɗari a kasuwa kullum, kana dariya, kana ciniki. Ita tana ganin bango huɗu, da layin famfo, da ranar da wankin banɗaki ya zagayo kanta. Ga zafi in an ɗauke wuta, ga yara uku a kan katifa guda suna faɗa. Shinkafa da miya ba sa maganin wannan.

Batun kuɗi kuwa, mu yi wa juna adalci. Gidan namun daji na Kumasi yana nan gefen Kejetia tun 1957, trotro, wato motar haya, ɗaya ne daga yawancin unguwanninmu. Daga can da ƙafa za ku ƙarasa cibiyar al'adu da ke hanyar Bantama, inda yara za su tsaya su ga masaƙa suna jefa ƙoshiya a saƙar kente, tufar gargajiya ta Ashanti, su ga masu sassaƙa, ga inuwar itatuwa. Uwargida ta dafo wake da shinkafa a kula, ta haɗo zoɓo a gora, a ɗauki tabarma. Me aka kashe? Kuɗin mota da na ƙofa. Abin da kake kashewa a shayi da tsire a majalisa cikin sati biyu zai biya.

Akwai gidan tarihi na fadar Manhyia, ga shi nan kusa da mu ƙwarai. Turawan Ingila ne suka gina gidan a 1925 domin Sarkin Ashanti Prempeh na ɗaya, bayan ya dawo a 1924 daga tsibirin Seychelles inda suka kai shi, aka mai da shi gidan tarihi a 1995. Yaran da ke karatu a ƙasar Ashanti ya kamata su san wannan, ana tambayarsu a makaranta. Ga dandalin shaƙatawa na Rattray a Nhyiaeso da aka buɗe a 2015. In kuma Allah ya hore, bayan Sallah a haɗa kuɗi da maƙwabta a ɗauki mota guda zuwa tafkin Bosomtwe, wajen kilomita 30 ne ta hanyar Kuntanase. Dutse ne ya faɗo daga sama ya haƙa ramin tun kimanin shekara miliyan ɗaya, masuntan wurin a kan falankin katako suke zama su shiga ruwa. Amma ku ji ni da kyau: tsakiyarsa ya kai wajen mita 80 zurfi. A riƙe hannun yara, kada a bar su su shiga su kaɗai. A riƙe hannun yara.

Ban ce kowane mako ba. Lahadi ɗaya a wata. Majalisa ba za ta watse don ka yi fashin yini guda ba. Lahadi ɗaya a wata, malam, ka sa ranar, ka faɗa wa yara, ka cika. Ke kuma 'yar'uwa, kada ki tare shi da maganar yana shigowa a gajiye. Ki bari ya ci abinci, ki zo masa da wuri ɗaya da lissafin kuɗin mota a hannu.

Hajiya: Kuma in ya ƙi, ta faɗa wa wanda yake jin nauyi, limamin unguwa ko maigidansa na kasuwa. Ba tonon asiri ba ne.

Mai gabatarwa: Madalla. Ana ɗaga mini hannu, saura minti biyu. Wani uba daga Ayigya ya ce 'ya'yansa sun fi sakin baki da Twi da Turanci, in kakarsu ta kira daga Zariya sai su yi shiru. Malam, a makarantun gwamnati na nan Twi ake koyarwa, ba a koyar da Hausa, saboda haka a bakinka da na uwarsu za su same ta. Twi ɗin ma riba ce, kada ka hana. Ka dai sa dokar Hausa a kan tabarmar cin abinci, kuma a riƙa ba su wayar su gaida kaka kowace Juma'a.

Ta ƙarshe, daga Moshi Zango, rigimar kuɗin wuta a gidan haya mai mita ɗaya. Ku zauna gaba ɗaya, a ƙirga ƙwayayen lantarki da fanka da firji da dutsen guga na kowane ɗaki, a rubuta a manna a bango, kowa ya biya gwargwadon nasa. Mai tambaya kan inshorar lafiya ta yara da mai tambaya kan kai amarya ganin gida, naku sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Hajiya, mun gode.

Hajiya: Ni ce da godiya, ɗana.

Mai gabatarwa: Jama'a, a ci gaba da aiko da wasiƙu. Wassalamu alaikum.