An Tura Manaja Bita, An Hana Shi Yanke Shawara

Masu sauraro, kamfanoni da ma'aikatu na kashe maƙudan kuɗi wajen tura manajojinsu bitar sanin makamar shugabanci, amma abin takaicin shi ne, manajan da ya dawo da takardar shaida a hannu har gobe ba shi da ikon ba ma'aikacinsa hutun kwana biyu, sai fayil ya hau bene ya kwana a kan teburin babban darakta yana jiran sa hannu. To, me aka koya masa, kuma a ina zai gwada shi?

Da yanke shawara ake zama shugaba. Mutum ya auna al'amari, ya zaɓi hanya, ya ga abin da ya biyo baya, ya kuma ɗauki alhakinsa. Wanda amsarsa kullum ita ce "sai na ji daga sama", ko ya shekara ashirin a ofis, ɗan aike ne mai babban muƙami, kuma laifin yana wuyan waɗanda suka ɗaure masa hannu.

Za a ce ai na ƙasa za su yi kuskure. Tabbas za su yi. Na saman ba sa yi ne? A daren 27 ga Janairun 1986, injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol, wanda ya ƙera rokokin da ke harba kumbon Challenger na Amurka, sun yi gargaɗin cewa tsananin sanyi zai iya hana zoben robar da ke toshe mahaɗar rokar yin aikinsa, suka nemi a ɗage tashin. Manyan manajojin kamfanin suka keɓe, suka yi watsi da shawarar. Washegari kumbon ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum bakwai suka halaka. Masu sanin aikin suna nan, amma ikon yana hannun wasu.

A masana'antun Toyota kuwa, ma'aikacin da ke ɗaura ƙofar mota yana da ikon jan igiya idan ya ga matsala. Shugaban rukuninsa zai zo nan take, idan kuma ba a shawo kanta ba, layin haɗa motocin ya tsaya. Wannan ma'aikaci yana yanke shawara a kowace rana, kuma a haka yake ƙwarewa.

Ban ce a sakar wa kowa ragamar komai ba, domin akwai shawarwarin da kuskure a cikinsu ba ya gyaruwa, kuma sanin inda iyakar take ba abu ne mai sauƙi ba. Amma hutun kwana biyu? Sayen takardar ofis? Haba!

Kafin a sake tura wani bita, a rubuta masa ƙarara abin da zai zartar da kansa da yawan kuɗin da zai kashe ba tare da neman izini ba. Idan ya yi kuskure, a zauna da shi a bi diddigin yadda ya kai ga shawarar, kada a ƙwace ikon a mayar da shi bene.