Rijiyar Ruma da Kurar Mai Ruwa: Lacca kan Sayar da Kayan Gwamnati

(An rubuto wannan ne daga muryar da aka naɗa a wani zauren taro cikin garin Sakkwato, da yammacin wata Asabar a tsakiyar bazara. An bar maganar Malam yadda ta fito.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na baya, kuna ji na? To madalla. Iyayena da ke nan gaba, malamai, 'yan'uwa mata da ke wancan gefe, da ku ɗalibai, Allah ya saka da alheri da kunka baro inuwa cikin zafin ga kunka zo.

An ce in yi magana kan sayar da kayan gwamnati ga 'yan kasuwa, da tsarin jari-hujja wanda bai san komai ba sai riba. Na kasa maganar gida huɗu: tarihi, wuta, ruwa, sannan asibiti da makaranta. Mai kula da lokaci, in na zarce ka ɗaga mini hannu.

Na farko tarihi, kuma da gudu zan bi shi. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP, bisa shawarar Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. A 1988 anka yi dokar sayar da kamfanonin gwamnati, anka kafa kwamiti ƙarƙashin marigayi Dakta Hamza Zayyad. A 1999 anka sake wata doka, hukumar sayar da kamfanonin gwamnati, wato BPE, ta ci gaba da gwanjo. Hujjarsu kullum ɗaya ce: gwamnati ba ta iya kasuwanci, kamfanoninta na cin kuɗi ba sa aiki. Kuma mu faɗi gaskiya, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Dattawan da ke nan sun san wahalar NITEL, kamfanin wayar tarho na gwamnati. Ƙasa guda, layukan waya ba su kai rabin miliyan ba. Da anka sayar da lasisin GSM a 2001, dala miliyan 285 kowane, cikin 'yan shekaru waya ta kai hannun mai sayar da albasa a Gada. Ga kuma kamfanin siminti na Kalambaina nan kusa da mu, wanda anka kafa a 1962, anka sayar a 2000. Yau abin da yake fitarwa ya ninka na da nesa ba kusa ba. Don haka kada wani ya fita ya ce Malam ya ce duk sayarwa ɓarna ce. Ban ce ba.

Amma ku lura da abu guda, don a kansa duk maganata ta rataya. Layin waya in ya ɓata maka rai, sai ka zare shi ka sa wani. Shi ya sa da Glo ta zo a 2003 da cajin daƙiƙa-daƙiƙa, sauran dole sunka bi. Siminti in ya yi tsada, kana iya dakatar da ginin har kaka. To ƙishirwa fa? Tana jiran kaka? Mace mai naƙuda tana iya cewa bari in zagaya kasuwa in ji farashi? Inda mai saye ke iya juya baya ya tafi, ɗan kasuwa yana da linzami a baki. Inda ba ya iya tafiya, babu linzami. Ku riƙe wannan.

Na biyu, wuta. An kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, ranar 1 ga Nuwamba 2013 anka miƙa ta ga 'yan kasuwa: kamfanonin rarraba wuta 11, da na samar da ita, gwamnati ta riƙe manyan layukan dakon wutar. Amma har yau in wuta ta zo, mi yara ke cewa? (Jama'a: "NEPA!") Kun ji! (dariya) Yaron da anka haifa bayan ta mutu da shekara goma, shi ma NEPA yake kira.

Kowane kamfani an yanka masa yankinsa, mu Sakkwato da Kebbi da Zamfara anka haɗa mu da Kaduna. Ba ka da zaɓi. Wayar da ta shigo unguwarku ita ke nan. Mafi yawan waɗanda sunka saya da bashin banki sunka saya, sai ya zama kuɗin da ya kamata a sayi mita da taransifoma ya tafi biyan bashi. An ce an sayar don gwamnati ta huta, amma Babban Banki ya zuba naira biliyan 213 don tallafa wa harkar, a 2017 anka sake amincewa da biliyan 701, a 2022 kuma bankuna sunka karɓe wasu kamfanonin saboda bashi. Wutar da ake rabawa har yanzu tana yawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000, ga mutum sama da miliyan 200. A Afrilun 2024 anka ɗaga kuɗin 'yan rukunin A, wato waɗanda anka ce an fi ba su wuta, daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 kowane yunit. Kuma a ko'ina cikin ƙasar nan, in taransifoma ta ƙone, 'yan unguwa ke karo-karo su gyara, wata ya ƙare a kawo musu takardar biya ta ƙiyasi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

To bari in zo kan ruwa, don gaskiya shi na zo faɗi.

Babu ranar da anka buga ƙararrawa anka ce an sayar da ruwan Sakkwato. Hukumar ruwa tana nan, ta gwamnati ce. Amma ku fita da asuba ku tsaya bakin titi a Mabera, ko Arkilla, ko Gidan Igwai, ku ƙirga kurar 'yan ga-ruwa da ke wucewa da jarkoki. Wannan ma sayarwa ce, sai dai ba a rattaba hannu ba. Ana barin famfo ya bushe ne sannu a hankali, mai hali ya haƙa burtsatse a gidansa ya ɗora tanki, marar hali ya koma saye da jarka. Garin da Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato sunka haɗu a gefensa, garin da ke da madatsar Goronyo tun 1984! Kuma ku yi lissafi da kanku yau da dare. Wa ya fi biyan ruwa da tsada, mai burtsatse ko talaka? Talaka, mana. Cikin jarkarsa guda akwai kuɗin mai rijiya, akwai kuɗin man janareta, akwai gumin mai tura kura. Wanda ya fi kowa rashi shi ya fi kowa biya. Ni wannan ne ke hana ni barci.

Kuma wa ke ɗaukar wahalar? Ku 'yan'uwa mata kun fi mu sani. Ke ce za ki auna: wannan na girki, wannan na alwala, wankan yara sai gobe. Yarinya ta makara makaranta don tana layin ruwa. Sannan in amai da gudawa ya ɓarke da damina mu ce ƙaddara. Ƙaddara ce, amma akwai sababi.

Malamai da ke nan ku gyara mini in na yi kuskure. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce Musulmi sun yi tarayya cikin abu uku: ruwa, da ciyawa, da wuta. Ku dubi ukun nan. Duk abubuwa ne da mutum ba ya iya juya baya ya bar su. Abin da na ce ku riƙe ɗazu ke nan, an faɗe shi sama da shekara 1,400. Kakanninmu sun gane shi, shi ya sa anka keɓe hurumi, anka bar burtali, anka bar mashaya ba ta kowa ba. Yau burtalin an nome shi, mashayar an kewaye ta, mun ga abin da ya biyo baya a dazukanmu. Wannan wata lacca ce daban, kada ku ja ni can.

Ku saurari labarin rijiyar Ruma. Da Musulmi sunka yi hijira zuwa Madina, ruwan daɗi ya yi ƙaranci, akwai rijiya guda mai suna Ruma, mai ita yana sayar da ruwanta. Annabi bai ce a ƙwace ba. Ku lura, bai ce a ƙwace ba. Ya kwaɗaitar ne cewa wanda ya saye ta, ya mai da gugansa daidai da gugan sauran Musulmi, yana da mafi alherinta a Aljanna. Sayyidina Usmanu ɗan Affan ya tashi. Masu tarihi sun kawo cewa mai rijiyar ya ƙi sayar da ita duka, sai Usmanu ya sayi rabi, sunka yi rabon kwana: yau taka, gobe tawa. Ranar Usmanu kowa ya ɗiba kyauta. Mi kuke jin mutane sunka yi? Sai su ɗebi na kwana biyu! (dariya) Mutanen Madina ma sun iya lissafi. Ranar ɗaya mutumin ba mai zuwa, dole ya sayar da sauran rabin.

Ku dubi hikimar. Usmanu attajiri ne, ɗan kasuwa ne na gaske, ayarinsa har Sham. Bai ƙi riba ba. Ya ci riba a fatauci, ya zo ya fitar da ruwa daga kasuwa. Ya san abin da ake nema wa riba, ya san abin da ake kashe ribar a kansa. Gugansa daidai da gugan kowa. In maimaita: daidai da gugan kowa. Ba shi da layi na daban. Tsarin da ake koya mana yau ya juya abin ne, ya ce duk inda mutane ba su da mafita, nan ne kasuwa ta fi daɗi.

Kuma waɗanda sunka koya mana karatun, yaya ta ƙare musu? Ingila ta sayar da ruwanta a 1989 zamanin Margaret Thatcher. Yau kamfanin da ke ba London ruwa bashin da ke kansa ya haura fam biliyan 15, ana kuka da ƙazantar da ake zubawa cikin koguna, alhali shekara da shekaru ana raba riba. Faransa, birnin Paris ya karɓe ruwansa daga kamfanoni a 2010, shekara ta zagayo ya rage farashi. Bolibiya, garin Cochabamba, a 2000 mutane sunka fito titi har anka soke kwangilar. Tanzaniya ta ba kamfani ruwan Darussalam a 2003, ta kore shi a 2005.

Na uku... a'a, na nawa muke? Na ga hannu ya tashi tun ɗazu, Allah ya ba ka haƙuri. Asibiti da makaranta, a taƙaice hanya ɗaya ce da ta famfo: a bar ta gwamnati ta lalace, mai hali ya janye ɗansa zuwa ta kuɗi, daga nan ba sauran mai murya da zai yi kuka a gyara ta. Malamin da ke koyarwa a makarantar gwamnati ma nasa 'ya'yan... Na'am? Akwai tambaya? A ba shi abin magana.

(Wani matashi: "Allah gafarta Malam, mahaifina ya haƙa burtsatse da kuɗin sallamarsa daga aiki, da sayar da ruwan nan yake ciyar da mu. Yanzu shi ma yana cikin waɗanda kake magana a kansu?")

Allah ya yi maka albarka, ɗana. Zauna. Tambayar ga ta fi abin da na rage ban faɗa ba, don haka a kanta za mu tsaya.

A'a, mahaifinka ba shi ne matsalar ba. Da shi da mai tura kura, su ne ke riƙe da garin nan. Ranar da sunka huta, ranar za mu san matsayinsu. Malaman fiƙihu sun bambanta tsakanin ruwan gulbi da ba mai shi, da ruwan da mutum ya kashe kuɗi da ƙarfi ya fitar ya tara. Na biyun mafi yawan malamai sun halatta sayar da shi. Abin da anka hana shi ne ka hana rarar ruwa ga mai tsananin buƙata. Kukana yana kan wanda anka damƙa wa amanar gulbi da madatsa da kuɗin jama'a, ya bar aikin har ya faɗo kan ɗan fansho.

Amma tunda ka tashi, zan ba ka saƙo ka kai gida. Ka ce Malam na gaishe shi, ya kuma ce ko zai duba ranar Usmanu. Ba rabi ba, ba zai iya ba. Ko da safiyar Juma'a kaɗai, ko ya ware gidajen marayu da zawarawa na layinku. Ku kuma Alhazai da ke gaba, na ga kuna murmushi, da ku nake. Ku zagaya ƙauyukanmu, Kware, Bodinga, Dange, ku ga burtsatse nawa anka haƙa anka kafa allo da suna, yau awaki ke kwana a gindinsu, don injin ya ƙone ba mai gyara. Haƙawa ba ita ce wahala ba. In za ka yi waƙafin rijiya, ka haɗa ta da shago ɗaya, kuɗin hayarsa ya tsaya kan gyara da sola, a rubuta, a sa shaidu, a kai wa hukumar zakka da waƙafi ta jiha ta ajiye takardar. Kuma wannan bai sauke wa gwamnati nauyi ba ko kaɗan. In kasafin kuɗi ya fito, ku ɗalibai ku nemo shi, ku duba nawa anka rubuta wa ruwa, ku bi unguwa-unguwa ku ga inda famfo ya kawo, ku rubuta, ku kawo mana nan mu karanta a bainar jama'a.

Na ji an fara kiran Magariba. Asibiti da makaranta bashi ne a kaina, sai zama na gaba in Allah ya kai mu. Ɗana, ka tsaya bakin ƙofa bayan salla, ina son in ji nawa kuke kashewa a mai kowane mako. Wassalamu alaikum.